Ɗakin da suka ware mini a Kalgari

Wata ranar Lahadi kwanakin baya 'yar farina ta kira ni ta bidiyo, ta juya wayar tana nuna mini wani ɗaki. Sun tashi daga benen da suke haya, sun koma gidan da suka saya a Kalgari, can yammacin Kanada. Ɗakin yana ƙasa, da banɗakinsa a ciki, tagarsa na kallon ɗan fili mai ciyawa. Ta ce, "Umma, wannan naki ne. Babu hawa babu sauka, saboda gwiwarki." Har darduma ta shimfiɗa, ta daidaita ta da alƙibla. Na ce Allah ya yi albarka, Allah ya sa rai aka yi wa. Ta yi shiru tana jiran sauran maganar, ni kuwa ba ni da sauran magana a bakina.

A watan Oktoba na 2023 na ajiye aiki, bayan shekara 35 ina aikin jinya da ungozomanci, yawanci a ɗakin haihuwa. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan. 'Ya'yana uku: babbar tana Kanada, namijin yana Legas, autar tana aure a Kano. A gidanmu na Tudun Jukun, nan Zariya, daga ni sai 'yar ƙanena da nake riƙo, wadda ke karatu a Kongo. Ina da ciwon suga, ina yi wa kaina allurar insulin safe da dare. Duk wanda ya ɗora waɗannan a sikeli zai ce me nake jira, kuma mutane da yawa sun faɗa mini hakan baki da baki. Wata abokiyar aikina cewa ta yi, "Hajiya, da ni aka yi wa wannan tayin, ko takalmi ba zan tsaya nema ba."

Ba jita-jita nake yi a kan ƙasar ba, na zauna a cikinta. Wata biyu da yin ritayata na tafi yi wa yarinyar jego, haihuwarta ta fari. A al'ada ita ya kamata ta zo gida goyon ciki, to nisa ya juya abin. Na ɗauki kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, amma ban ɗauki kanwa ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma na ga matan da abin ya kumbura da idona. Wanka da ruwa mai ɗumi, abinci mai kyau, barci, su na tsaya mata a kai. Na yi wata huɗu, na yi azumi a can, na dawo bayan ƙaramar Sallah a watan Afrilu na 2024.

Alherin wurin ba zan ɓoye shi ba. Wata huɗu ban ga an ɗauke wuta ba. Ban taɓa kwanciya ina tunanin ko insulin ɗina zai lalace a firji ba. Asibitin da ta haihu, na tsaya a ciki a matsayin wadda ta san aikin, na ga nas guda tana kula da mai naƙuda guda, na tuna dare nawa na kwana ni kaɗai a kan mata bakwai ko takwas, wani lokaci da fitilar waya. Sai da na koma gefe na share hawaye. Akwai masallatai, akwai shagunan naman halal, akwai 'yan Najeriya. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza saboda hijabina.

Sanyi kuma gani ya kori ji. A tsakiyar Janairu ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, har iskar da mutum ya shaƙa tana yi masa ciwo a ƙirji. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin biyar ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana kora su. Duk wannan da sauƙi, jiki yana sabawa.

Abin da ban saba da shi ba, kuma ban ga ranar da zan saba ba, shi ne zama a gidan suruki. Yaron nan ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, "Umma, an tashi lafiya? Ya sanyi?" Shi ya sayo mini rigar sanyi da takalmin ƙanƙara tun kafin in sauka. A shari'a muharramina ne, na sani. Amma ni a cikin birni aka haife ni, kusa da Ƙofar Kuyambana, a gidan da mahaifiyata ba ta taɓa shan ko ruwa a gaban mijin 'yarta ba. Idan ya zo gaisuwa daga zaure yake tsayawa, ita tana amsawa daga bayan labule. Ga ni yau a gida mai ɗaki biyu, falo ɗaya, teburin cin abinci ɗaya. Wata huɗu ban cire hijabi ba sai in na rufe ƙofa. Abincina a ɗaki nake ci. Daga baya na gane shi ma yana jinkirta dawowa daga aiki don in sake, ya zauna a mota cikin wannan sanyi yana latsa waya. Ranar da na hango shi ta taga, raina ya ɓaci ƙwarai, don na zama dalilin da magidanci ke raɓewa a ƙofar gidansa. Yarinyar ta ce, "Umma, nan ba a wannan. Ki saki jikinki." Ta faɗi gaskiyarta. Ni kuma kunyar nan ba riga ba ce da zan tuɓe in rataye a filin jirgi. Na san wannan ne ya sa suka nemi gida mai ɗaki a ƙasa da banɗakinsa, kuma sanin hakan ya ƙara wa maganar nauyi a zuciyata.

Batun takardu ma sai da na zauna na fahimce shi, domin ba na son a kai ni inda ban san matsayina ba. Bizar da suke nufi ita ce wadda Kanada ke ba iyaye da kakanni. Tun daga Yulin 2022 tana ba mutum damar zama har shekara biyar a shiga ɗaya. Sharaɗinta, ɗanka ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, samunsa ya kai wani mizani, a yi maka gwajin lafiya, a kuma saya maka inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar aƙalla dalar Kanada 100,000. Da wannan biza baƙo kake. Ba ka aiki, kuma ba ka cikin tsarin lafiyar gwamnati da ya ba ni sha'awa. Mai shekara sittin da ciwon suga, inshorarsa ba ta da araha, kuma kowace shekara sai an sabunta. Hanyar zama na dindindin ta iyaye kuwa ƙuri'a aka riƙa yi, shekara da shekaru ana zaɓa daga cikin waɗanda suka yi rajista a 2020, su kuma a lokacin ba su yi ba. Wanda ya dace ma sai ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyin iyayen nasa shekara 20.

Fanshona ba zai taimaka musu da komai ba. Muna cikin tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004, inda ake ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa tsakuro maka duk wata. Nawa ya yi jinkiri fiye da shekara kafin ya fara fitowa. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da ke shigo mini a wata, a nan yana sayen masara da wake da gas, in yi gudummawar biki, in ba almajirin da ke yi mini shara. A can ko cefanen mako ba zai yi ba. Tun ina da shekara 24 nake cin guminna. In koma sai an ba ni kuɗin sadakar Juma'a, wannan yana yi mini ciwo, ko da daga hannun wadda na haifa ne.

Da a ce zaɓi aka ba ni na inda zan ƙare kwanana a wajen Zariya, Madina zan ce, kamar kowace tsohuwa a garin nan. Goggon mahaifina ta bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, ba ta dawo ba, kuma a gidanmu ba a ambatonta sai an ce ta dace. Amma zamanin ya wuce. Izinin zama na dindindin da Saudiyya ta fito da shi a 2019 riyal 800,000 ne, zaman takari ba takarda kuma ba na mai ciwon suga ba ne, ba kuma na mai son mutuncinta ba. Na ajiye wannan a wurin addu'a.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ina da aminiya a unguwarmu, katanga ɗaya ta raba mu shekara 28. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanta huɗu. Ita ta zauna da ni kwana arba'in na farkon takabata, ba ta koma gidanta da kwana ba. Mu biyu ake kira idan mace ta rasu a layinmu, ita tana zuba ruwa ina wankewa. Mun yi alkawari, ba sau ɗaya ba, cewa duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ta rasu ina Kalgari. Tsakaninmu da Zariya awa takwas ne a lokacin sanyi. Ta cika bayan sallar Asuba, lokacin ƙarfe goma na dare a wurinmu, na kashe ƙarar waya don kada jariri ya farka. Da na tashi ƙarfe biyar na asuba na ga kira goma sha ɗaya. A Zariya ƙarfe ɗaya na rana ta yi, an kai ta tun sha ɗaya, maza sun dawo, har an fara zaman makoki. Na zauna a bakin gado a ɗakin da ba mai jin kukana sai yarinyar da ke fama da jego. Ba wanda ya shigo ya ce mini ya haƙuri, domin ba wanda ya san ta. Na san rai da ajali na Allah ne, kuma ko ina nan ba zan ƙara mata daƙiƙa ba. Amma alkawarin nan ban cika shi ba, kuma har yau in na wuce ƙofar gidanta sai na ji shi.

Tun da na dawo ba a yi mako guda ba a ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare ba. "Sista, ki taimaka, naƙuda ce." Ba na karɓar haihuwa a gida, amma ina dubawa, in ce wannan a tafi asibiti yanzu, kada a jira gari ya waye, in shiga Keke Napep ɗin tare da su. Ranar Talata da yamma tsofaffin layinmu suna zuwa in auna musu hawan jini, in duba magungunan da aka rubuta musu, in raba su da na bogi. 'Yan matan da na karɓi haihuwarsu yanzu su ke kawo mini katin awonsu in karanta musu. A Kalgari takardar aikina ba ta da amfani, kuma ba mai neman ta. Aikina can shi ne in riƙe maigidana ƙarami, wanda aka sa wa sunan marigayi, shi ya sa shi ma ba na kiran sunansa. Ina son yaron nan kamar raina. Amma zai shiga makaranta, iyayensa za su fita tun duhu, ni kuma in zauna da taga.

Sai dai ba zan yaudari kaina ba, domin na yi aiki a ɗakin kwanciyar tsofaffi ma. Na ga iyayen manyan mutane, 'ya'ya suna turo kuɗi ta waya daga Ingila da Amurka, amma babu mai juya su a gado, har bayansu ya yi gyambo. Na sha wanke irin wannan gyambon. Unguwa tana zuwa gaisuwa, tana kawo kunu, tana raka gawa, amma ba ta kwana tana canza wa mutum zane wata shida. Wannan aikin ɗa ne, kuma nawa sun watse. A damunar bara sugana ya faɗi cikin dare, na tashi ina rawar jiki, gumi ya jiƙe ni, na kasa kiran sunan yarinyar da ke ɗakin kusa. Allah ya sa akwai dabino a gefen gado. Yarinyar nan kuma an kawo kuɗin gaisuwarta, bayan babbar Sallah za a sa rana. Idan ta tafi, wa zai ji motsina? Ita 'yar tawa wannan take gani, da labarin masu satar mutane da take karantawa tana kasa barci. Ba son kai ne ya sa take kirana ba. Tsoro take ji kada wata rana ita ma ta farka ta tarar da kira goma sha ɗaya.

Na je cikin birni na yi shawara da yayana, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke dai kada ki sayar da gidan. Kuma kada ki ce mata a'a, kada ki ce mata e, sai kin yi istihara." Na yi, kwana bakwai.

Daren jiya na kira 'yar tawa. Na ce a nemi bizar. Zan riƙa zuwa idan sanyinsu ya wuce, daga Mayu zuwa Satumba, in dawo kafin ƙanƙara, in tarar da kaka a gida. Gidan Tudun Jukun yana nan, zan sa ɗan ƙanena da matarsa a sashen baya don kada in kwana ni kaɗai. Na kuma yi mata alkawari guda, na ce ta riƙe ni da shi: ranar da idona ya kasa karanta lambar da ke jikin sirinjin insulin, ko hannuna ya kasa riƙe shi, ba zan yi gardama ba, ta zo ta ɗauke ni.

Ta ce, "To Umma, in lokacin ya zo likitansu ya ce ba ki ci gwajin lafiyar ba fa?"

Na daɗe ban amsa ba, don ta fi ni gaskiya a nan, kuma na san irin abin da ciwon suga ke yi wa ƙoda da ido in shekaru suka tura. Na ce mata ta bar ni in kwana da wannan. Muna cikin haka aka buga ƙofa, maƙwabcinmu ne, matarsa ta fara zubar da ruwa kuma cikin bai kai wata tara ba. Na ce mata zan sake kira, na ɗauki hijabi da tocila.