Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Tambayar da Na Kasa Amsawa

A makon jiya na tsaya ne inda yayana ya ɗauke ni daga shagon ɗinkina na Wunti zuwa asibiti, bayan da rawar hannu ta kai ni ga kasa zura zare a allura sai na kurɓi giya da safe. Ba zan daɗe a kan kwanakin farko ba. An sha gumi da rashin barci, an yi mini allurar bitamin B1 da ake yi wa mashaya domin kare ƙwaƙwalwa, jiki kuma ya lafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan haka, a ofishin wata likitar ƙwaƙwalwa, wadda ta tambaye ni abin da na ji ranar da Inna ta rasu. Na ce mata cikina ya ƙulle, na kasa cin tuwo. Ta ce, "Malam, wannan labarin cikinka ne. Kai me ka ji?" Na dubi yayana, na dubi fankar da ke juyawa a sama, na ce babu komai, haƙuri aka yi. Ba ɓoye mata nake yi ba. Na laluba ne ban sami abin faɗa ba.

Sai ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi 20 da aka tsara a Toronto ta ƙasar Kanada, tana karantawa tana mayar mini da Hausa, da dama daga cikin tambayoyin kuma suna zagaye abu ɗaya: shin mutum yana iya bambance ɓacin rai da tsoro, ko baƙin ciki da gajiyar jiki? Ta bayyana mana cewa likitoci na kiran kasa yin hakan aleksitimiya, cewa ana samunsa a kusan mutum ɗaya cikin goma, amma a cikin waɗanda giya ta kama yakan kai rabi ko ya wuce.

A nan ne na tuna ranar walimar saukar karatun 'yata. An kira sunanta, ta tashi da allonta mai zayyana, 'yan uwa mata suna guɗa, ni kuwa sai na ji wani zafi ya taso mini a ƙirji, irin wanda nake ji idan mai bina bashi ya tsaya a ƙofar shago. Da yake ban san wani maganin wannan zafi ba, kafin a raba shinkafa har na sulale zuwa Bayan Gari, inda ake sayar da giya. Farin ciki ne ya kore ni daga walimar 'yata, ban kuwa gane shi ba.

A ganina, tarbiyyarmu tana taimaka wa wannan ciwo ya ɓuya, domin namijin da ba ya faɗin abin da ke ransa yabonsa ake yi da zurfin ciki, alhali wani ba zurfin ba ne, hanyar ce a toshe.

Takarda ta biyu ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, mai tambayoyi 26 a kan ingancin rayuwa: lafiyar jiki, kwanciyar hankali, zama da mutane, da muhalli. A ɓangaren zama da mutane na fi faɗuwa, kuma likitar ba ta yi mamaki ba, domin wanda bai san abin da yake ji ba da wuya ya karanta fuskar matarsa. Uwargidana ta tabbatar da haka da aka kira ta, ta ce, "Likita, ko lokacin da maigida bai sha ba, zama da shi kamar zama da bango ne."

Aikin da aka ba ni shi ne in riƙa rubutawa a littafin awon kaya, duk bayan sallar isha'i, inda na ji abu a jikina, abin da ya faru kafinsa, da sunan da nake zaton ya dace da shi. Shafukan farko duk "gajiya" na cika su da ita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ta kaya da na koma shago ana gab da ɗinkin Sallah.