Lifidi a Teburin Dungeons & Dragons

Ranar Asabar da ta wuce saura ƙiris wasanmu ya watse a kan rigar auduga. Mu biyar ne muke haɗuwa a falona bayan Isha'i muna buga Dungeons & Dragons, wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowa da takardar jaruminsa a gabansa, ni ke jan labari, sa'ar kowa kuma tana hannun wata ƙwaya irin ta lido, sai dai ita fuskarta 20.

Ƙanena ne ya zo da sabon jarumi, barde mai doki da mashi, ya ce lifidi zai sa. Na buɗe littafin dokoki na 2014, na bi jadawalin kayan kariya da yatsa. Abin da ya fi kama da lifidi shi ne rigar da aka cusa wa auduga, kuma ita ce kashin baya: kariyarta 11, kuɗinta zinare 5. Sulke 16 ne, rigar ƙarfe ta gaba ɗaya 18. Wanda bai sa komai ba kuwa 10 gare shi.

"Yaya," in ji shi, "wato tsakanin ɗan lifidi da mai singileti maki ɗaya ne kacal?"

Na buɗe baki zan kare littafin, na rasa ta cewa. Domin tare muka sha tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe muna yara, shi a wuyana, muna kallon 'yan lifida. Doki ya ɓace cikin ɗinki tun daga wuya har ƙasan ciki, mahayi ya kumbura ya zama mutum biyu, kwalkwali a ka, gumi na zuba. Ba don ado kakanni suka jure wannan zafin ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin tsoro a filin dagar wancan zamani kibiya ce mai dafi, wadda ƙwarzane kaɗan ya ishe ta aiki. Audugar rimi da aka danna tsakanin ƙyallaye tana shanye ƙarfin kibiya kafin tsininta ya taɓa fata. Su ma mayaƙan Turai ba sa sa sulke a kan tsurar jiki, sai da riga mai cushe a ƙarƙashi, in ba haka ba zobban ƙarfen za su hana yanka amma ƙashi ya sha duka.

Abin da ya fi ba ni haushi ma yana layi biyu a ƙasa: rigar fata mai ƙusoshi, kariya 12, zinare 45. Wannan ba a san ta a filin yaƙi ba. Masu nazarin makamai suna ganin tsofaffin zane aka kalla aka yi wa mummunar fahimta. Akwai wata riga da ake jera faya-fayan ƙarfe a cikinta, a kafe su da ƙusa, sai kawunan ƙusoshin su leƙo waje. Mai kallo ya ga fata da ɗigo-ɗigo, ya ɗauka ɗigon ne kariyar. To, rigar da ba a taɓa yaƙi da ita ba ta fi wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana yaƙi da ita. Ina dalili?

Na san amsar da za a ba ni, abokina ma ya faɗa yana dariya: wasan da maciji mai fukafukai ke aman wuta, shi ne za ka nemi gaskiyar tarihi a ciki? Yana da hujja. Jadawalin nan tsani ne, an yi shi don ɗan wasa ya fara da mai araha ya hau zuwa mai tsada. Amma macijin nan ban taɓa ganinsa ba, duk abin da aka ce min a kansa zan karɓa. Lifidi kuwa na taɓa shi da hannuna.

Sai na ɗauki biro na rubuta doka a bayan takardar ƙanena. Lifidi 14 ne in kibiya aka harbo, 12 in takobi ne. In an kayar da kai daga doki, ba ka tashi sai wani ya ɗaga ka. In wuta ta taɓa ka, ɓarnar ninki biyu ce, tunda auduga ce. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda.

Bai kai rabin awa ba suka isa wata gada da 'yan fashi suka tare. Kibiya shida aka harba masa, ɗaya ce ta shiga. Har ya fara yi wa kansa kirari yana buga tebur. Sai na ce shugaban 'yan fashin ya sunkuya ya zaro itace daga murhu.

"Haba Yaya!"

Na miƙa masa ƙwayar na ce ya jefa. Ta nuna 3.