Miyar ɗan gudun hijira a Shinjuku

Jiya abokina ya kai ni cin shinkafa da miyar kori a Nakamuraya, wani gidan abinci da ya faro a matsayin gidan burodi, a unguwar Shinjuku cikin Tokyo. Ashe miyar da tarihinta! Rash Behari Bose, wani ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, shi ne ya kawo musu ita a 1927. Turawan Ingila na nemansa ruwa a jallo kan bam ɗin da aka jefa wa Lord Hardinge, babban gwamnansu na Indiya, a Delhi, ya tsere Japan a 1915. Masu gidan burodin suka ɓoye shi, har ya auri 'yarsu Toshiko.

Wallahi Toshiko ce ta fi tsaya min a rai. Baiwar Allah ta sha ƙaura gida-gida da miji mai ɓuya, ta rasu a 1925 ta bar masa yara biyu. Shi kuwa bai sake taka Indiya ba har ya rasu a 1945.