Ƙarar da Baba yake nema

Shekara da shekaru Baba yana zama bakin gidan waya a nan Maradi, yana buga wa mutane wasiƙu da keken rubutu. Yanzu ido ya yi rauni. Na ajiye masa kwamfutar tebur a ɗakinsa a unguwar Zariya, amma ko kwana uku bai yi ba ya ture ta. Ya ce mini, "Ɗana, wannan aba kurma ce. Ina dannawa, ba ta amsa mini."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ashe da kunne yake rubutu tun can, kowane harafi da ƙararsa.

Na fara kunna Filter Keys na Windows, wani tsari da kan iya sa kwamfuta ta yi ƙara in an danna harafi, wanda ke fitowa in ka riƙe maɓallin Shift na dama daƙiƙa 8. Ƙararsa siririya ce, Baba bai so ta ba. Sai na saka masa Mechvibes, wata manhaja mai fitar da ƙarar maɓallai duk lokacin da aka danna harafi, na ɗaga lasifika kaɗan.

Jiya bayan isha'i na jiyo ƙas-ƙas-ƙas daga ɗakinsa, ba tsayawa. Na daɗe tsaye bakin ƙofa, idona cike da hawaye. Wasiƙa yake rubuta wa ƙanensa da ke Damagaram.