Ranar da na shiga kwalekwale neman ƙwan zalɓe a Epe

Ni fa wallahi ban taɓa zaton ƙwan tsuntsu zai sa ni sallar asuba a bakin ruwa ba, sai da malaminmu ya ce in raka shi Epe, a jihar Legas, mu ɗebo samfur. Wai ƙwai shi ne ke tona asirin ruwa: gubar da ke cikin laka ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, zalɓe ya haɗiye babba, to abin da ya taru a jikin uwa sai ta juye wani a ƙwanta. Maganin ƙwari na DDT, da gamalin ɗin nan da wasu ke zubawa don kashe kifi, da kuma man taransifoma, duk a gwaiduwa suke maƙalewa saboda maiƙo, shi kuma makuri, ƙarfen nan mai guba, ya fi zama a farin ƙwai. DDT ɗin ma tun 1972 Amurka ta hana shi, bayan an gano yana sa ɓawon ƙwai ya yi siriri har uwa ta kwanta a kai ya fashe.

Wautar farko tawa ce. Na ga balbela fari fat a bishiya na fara murna, malam ya yi dariya ya ce Ɗanjuma wannan ai 'yar garinku ce, shanu take bi tana cin fara kamar na mayankar Oko-Oba da ke Agege, me ta sani game da ruwan lagun? Mai cin kifi muke nema.

Ƙwai ɗaya tak ake ɗauka a kowace sheƙa, kuma da takardar izini, sannan ka yi sauri ka bar wurin kafin rana ta dafa sauran ko hankaka ya lallaɓo. A takardar alminiyom ake naɗewa, banda leda, don roba tana iya ɓata gwajin. Ni da iyayi na rubuta lamba da maka, ƙanƙara ta narke a kula cikin go-sulo, muka iso Agege lambobi uku sun goge, haka aka ajiye su gefe don ba a san sheƙarsu ba. Kunya kamar in nutse, tun daga ranar fensir nake sa wa a aljihu.

Mai kwalekwalen kuwa da muka biya shi sai ya riƙe hannun malam ya ce in sakamako ya fito a gaya masa, don kifin da zalɓen nan ke ci shi 'ya'yansa ke ci.