Kuɗin Otal ɗin da Haƙuri Ya Cinye Mini

Ranar Asabar ɗin da ta gabata ɗan ƙanwata, wanda ke karatun digiri na biyu a Coventry, ya zo gidana a Birmingham yana murna cewa ya samo wa mahaifiyarsa ɗaki a wani otal kusa da Harami domin umarar azumi, a kan farashin da ya ce ba a taɓa jin irinsa ba. Da ya miƙo mini wayar na ga dillalin ya rubuta masa cewa za a rage masa kashi 10 cikin 100 idan ya tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun banki kafin tsakar dare. Na ce masa ya ajiye wayar tukuna. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai kamfanin yana da taurari biyar a intanet, kuma kowa haka yake biya yanzu." Na ce masa kamfanin Thomas Cook ya shekara 178 yana kai mutane yawon duniya kafin ya rushe a watan Satumba na 2019, har sai da hukuma ta kwaso kimanin mutum 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje. Ya yi dariya irin ta wanda yake jiran tsoho ya gama magana.

Ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin abin da yake shirin yi shi ne ainihin abin da na yi shekarun baya, lokacin da na yi niyyar kai mahaifiyata umara. Wani dattijo da muke salla tare ne ya haɗa ni da dillalin, ya kuma yabe shi da gaskiya da riƙon amana. Na biya kafin alƙalami da katin cire kuɗi na asusuna, sauran kuma na tura ta banki saboda ragin da aka yi mini. Alhali ina da katin bashi da bankin ya ba ni tun ina sabon ma'aikaci, yana kwance a aljihun tebur, ban taɓa sayen ko allura da shi ba. Dalilina shi ne tsoron riba, kuma har gobe ba na jin kunyar wannan dalili. Mutumin da zai je ɗakin Allah ba ya son ya fara tafiyarsa da kuɗin da zuciyarsa ba ta kwanta da su ba. Sai dai idan zan faɗi gaskiya, ragin nan ma ya ja ni, kuma na fi son in tuna da tsoron ribar fiye da kwaɗayin ragin.

Mun isa Makka da dare, cikin cunkoson azumi. Ma'aikacin otal ya duba sunana, ya duba lambar da ke kan takardata, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna mini cewa an soke ɗakin tun kafin mu tashi daga Ingila, domin dillalin bai biya otal ɗin ba. Hajiya tana zaune a kan akwatinta a gefen ƙofar lif, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga, tana jan carbi ba ta ce komai ba. Sai can ta ce, "Ɗan nan, ko a tabarma ce ai sai mu kwana." A ƙarshe na sami ɗaki a Aziziyya da kuɗin da ya zarce na farko, muka riƙa hawa bas zuwa Harami, ita da aka yi wa alkawarin za ta riƙa takawa da ƙafarta.

Wannan duka ana iya cewa ƙaddara ce, kuma na yarda. Abin da ya biyo baya ne ba zan iya jingina wa ƙaddara ba. Da muka dawo na kira dillalin, ya karɓe ni da ladabi, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mako mai zuwa in sha Allahu kuɗinka za su shigo." Mako ya zo ya wuce, ya sake faɗin haka, na sake yarda. Ban rubuta masa ko imel ɗaya ba, duk maganarmu ta baka ce a waya, domin ina ganin rubuta wasiƙar neman haƙƙi ga mutumin da dattijo ya haɗa ni da shi rashin kunya ne. An raine mu a kan cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma a tsakanin mutanen da suka san juna wannan tarbiyya tana aiki, domin wanda ka yi wa kawaici yakan ji nauyinka. Banki kuwa da kalanda yake aiki. Lokacin da lambar dillalin ta daina shiga, na je bankina, matar da ke wurin ta yi mini tambayoyi uku: da wane kati na biya, yaushe ya kamata in shiga ɗakin, kuma ina da wani abu a rubuce. Duk amsoshina uku sun kashe ni.

A ranar ne na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in biya. A Birtaniya akwai dokar bashin masu saye ta 1974, kuma Sashe na 75 nata ya ce idan ka sayi kaya ko hidima da katin bashi, farashin ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sannan mai sayarwa ya karya yarjejeniya ko ya yaudare ka, to bankin da ya ba ka katin yana da alhaki daidai da na mai sayarwar. Kana iya bin bankin kuɗinka ko da kamfanin ya rushe, kuma ba kuɗin da ka biya kaɗai ba, har da asarar da karya yarjejeniyar ta jawo maka, irin ƙarin kuɗin da na kashe a Aziziyya. Ba dole ba ne ma ka biya duka da katin. Ko kafin alƙalamin kaɗai ka biya da shi, kariyar ta shafi cinikin gaba ɗaya. A 2007 alƙalan majalisar Lords, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, suka tabbatar da cewa sashen ya shafi cinikin da aka yi a ƙasashen waje. A Ingila kana da shekara 6 ka nemi wannan haƙƙi, a Scotland shekara 5.

Katin cire kuɗi ba ya cikin wannan doka. Abin da yake da shi shi ne tsarin dawo da kuɗi na Visa da Mastercard, wanda ma'aikatan banki ke kira cajbak, kuma shi ba doka ba ne, ƙa'idar kamfanonin katin ce. Yana dawo da abin da ka biya da katin kawai, wa'adinsa kuma galibi kwana 120 ne daga ranar da ya kamata a yi maka hidimar. Waɗannan kwanakin ne na ƙarar ina sauraron "mako mai zuwa". Kuɗin da na tura ta banki kuwa babu wanda ya ma tsaya yi mini dogon bayani a kansu. Wanda ke karanta wannan daga Kano ko Maraɗi ya lura cewa Sashe na 75 na katin Birtaniya ne, amma cajbak ya shafi katin Visa ko Mastercard a ko'ina aka bayar da shi.

Wani lokaci nakan rarrashi kaina da cewa ko da na biya da katin bashin, ba lallai in ci nasara ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sashen yana buƙatar alaƙa kai tsaye tsakanin kai da banki da wanda ya karya yarjejeniyar, don haka idan dillali ya karɓi kuɗin amma otal ne ya saɓa, banki na iya cewa igiyar ta tsinke. Amma a tawa matsalar dillalin ne da kansa ya karɓi kuɗi bai yi aikin da ya ɗauka ba, saboda haka wannan rarrashin bai cika riƙe ni ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawarwari masu yawa, sai na tarar kaɗan ne suka cancanci tawada. Kada ku tura kuɗin otal zuwa asusun kowa saboda ragi, ko da limamin unguwarku ne ya haɗa ku; araha ba ta ado. Ku biya otal ɗin kai tsaye idan da hali, sannan ku aika wa otal ɗin imel ku nemi ya tabbatar da sunanku da ranakunku. Wannan aikin minti kaɗan ne, amma yaran yanzu da ke iya kwana suna kallon bidiyo a waya sai su ce ba su da lokacinsa. Idan jirgi da otal kuka saya a haɗe daga kamfanin Birtaniya, ku nemi takardar ATOL, wadda ke kare kuɗinku idan kamfanin ya rushe, amma otal shi kaɗai ba ya cikin wannan kariya.

Idan abu ya lalace, ku sa ma'aikacin otal ya rubuta muku cewa babu ɗakin, ku ajiye rasit ɗin inda kuka koma, ku rubuta wa mai sayarwa wasiƙa guda da wa'adi, sannan ku tafi banki ba tare da jiran alkawarinsa ba. Ku ambaci Sashe na 75 da sunansa, domin wasu ma'aikatan cajbak kaɗai za su buɗe muku. Idan banki ya ƙi, ku shigar da ƙorafi a rubuce. Yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, daga nan kuna da wata 6 ku kai maganar ofishin Ombudsman na harkar kuɗi, mai raba gardama tsakanin banki da abokin hulɗarsa, wanda ba ya karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi. Na san na ce kawaici ya cuce ni, amma kada wannan ya sa ku shiga banki kuna ɗaga murya kamar yadda na ga wasunku suna yi. Takardunku ne za su yi magana.

Batun katin bashin kansa shi ne inda bakina ke yin nauyi. Na gama nuna muku cewa shi ne ya fi kariya, amma ba zan ce wa ɗalibi ya je ya karɓe shi ba, domin ruwan da ake ɗorawa yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma na ga yaran da suka karɓe shi don tafiya ɗaya suka ƙare suna sayen takalma da shi. Malamai ma sun saɓa: wasu sun halatta shi ga wanda zai biya duka kafin ruwa ya hau, wasu sun ce sa hannu a kan sharaɗin ribar kansa haramun ne. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi. Ni yanzu ina biyan otal da nawa, kuma a daren da na biya nake mayar wa bankin kuɗinsa. Wanda ya san ba zai iya yin haka ba ya biya da katin cire kuɗi, ya rubuta ranar cikar kwana 120 a inda idonsa zai riƙa gani.