Kafin ka zuba baƙon zomo a keji

Shekaranjiya na iske ɗan ƙanwata tsugune gaban keji, kwali a hannun hagu, waya a dama. Wai kaɗaici ya dami zomanyarsa, ya samo mata abokin zama, zai zuba shi ciki ya ɗauki bidiyo. Na ce, "Kai, ajiye kwalin nan." Ya ce, "Kawu, ai zomo ba ya faɗa." Ni ma haka na taɓa cewa, har da murmushin.

Nawa biyu ne, 'yan ciki ɗaya, duka maza. Tun suna ƙanana a manne suke kwana. Da suka kai wata 4 sai zama ya sake. Babban ya dinga bin ƙaramin da gudu, ya hau bayansa, ya tsige masa gashi. Ni kuwa dariya na yi, na ce ashe ɗayan mace ce. Ban san ba kowane hawa ne barbara ba. Namiji na hawan namiji, mace ma ta hau namiji, duk don a san wane ne babba. Balaga ce ta zo, kuma zomon da ya balaga bai san ɗan'uwa ba.

To, wa zai gaya mini? Wanda ya ba ni su cewa ya yi ciyawa da ruwa kawai. Lokacin babu wayar da za ka latsa ta ba ka amsa. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, alamu sun bayyana. Na ga babban yana goga haɓarsa a kwano da bakin ƙofa, wato yana shafa warinsa, nan nawa ne. Na ji gurnani. Na ga ƙaramin ya maƙale a lungu, ba ya zuwa wurin abinci. Dabarar da na yi ita ce ta ƙarasa ɓarnar: na raba su mako guda su huce, na mayar da ƙaramin kejin da babban ya riga ya mallake, na tafi na kwanta.

Da safe keji duk gashi, kunnen ƙaramin a yage, ga rauni a ƙasan ciki. Fatar zomo ba ta da kauri, kuma mugunyarsa daskararriya ce, ba ta tsiyayewa da kanta. Ya daina cin abinci. Na ce a ba shi kwana biyu, alhali zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, likita yake nema a lokacin. Sa'ad da na kai shi, ihu ne bayan hari. Wani lokaci nakan ce ko na kai shi da wuri ba zai tashi ba. Nakan ce dai.

Da na sake kiwo sai tsoro ya kai ni wata wautar. Namiji da mace, an yi wa kowanne aikin hana haihuwa, amma da ɗaya ya motsa sai in sa hannu in raba. Wata 3 suna nan jiya i yau, don ban bar su sun gama shari'arsu ba. Lada na samu: tabon haƙori a babban yatsa.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawarwari goma, amma yana saurarona yana latsa waya, raina ya ɓaci. Ku yaran yanzu komai sai ya faru cikin minti ɗaya, ku ɗora, a yaba. Zomaye kuwa wasu kwanaki ke isar su, wasu sai watanni.

Kai su likitan dabbobi a yi musu aikin hana haihuwa, ka jira mako 6, domin namiji na iya yi wa mace ciki makonni bayan aikin, cikin kuma kwana 31 ne kacal. Keji biyu kusa da juna, da 'yar tazara yadda haƙori ba zai kai ba. Ranar haɗuwa, wurin da babu wanda ya taɓa zama cikinsu. Kejin mace kam, ko da wasa.

Sannan ka ƙyale su. 'Yar kora, hawa, ɗan gashi a ƙasa, duk cinikin girma ne. In ɗaya ya cusa kai ƙarƙashin haɓar ɗan'uwansa, lasa yake nema, kuma galibi mai neman shi ne mai gidan. Ranar da aka lashe shi, zama ya fara.

A'a, kada ka ƙyale su. In ka ga kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta tashi, suna zagaye juna da sauri kamar guguwa, shiga tsakani da katako ko tawul, ban da hannu. Wanda ya hau ta wajen kai ma sauke shi, ana cije masa gaba. Yaushe ake ƙyalewa, yaushe ake rabawa? Ka zauna ka kalla, da idonka, ba ta bayan waya ba.

Yaron ya ɗauki kwalinsa yana ƙunƙuni, wai mako 6 ya yi yawa. Jiya na leƙa, na ga keji na biyu a jingine, ko ƙofa bai sa masa ba tukuna.